Amsa: Tara mutum 15 a gida ranar Kirsimeti

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki karɓi dangi da abokai 15 ba tare da kin wuni a kicin ba. Raba girkin tun saura mako guda: ke ki riƙe babban abinci ɗaya, kowa a faɗa masa takamaiman abin da zai kawo, in ba haka ba sai kwano huɗu su zo iri ɗaya.

Faranti a farkon tebur, cokula a ƙarshe, abin sha can gefe don kada layi ya cushe.

Don Allah ki kula da nama: dafaffe kada ya wuce awa 2 a waje, ƙwayoyin cuta na hayayyafa cikin ɗumi. Fito da rabi, sauran ya zauna da zafinsa a rufe.