Cin rani ba gudun gida ba ne

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai kana tambaya ko dole ne namiji ya tafi cin rani kafin a kira shi magidanci, don abokanka duk sun wuce Legas. Na yi murmushi, amma hankalina bai kwanta ba.

Ka fara duba sunan. Rani ake zuwa a cinye a wani wuri, don rumbu ya huta. Daminarmu wata huɗu ce. Ƙato ɗaya yakan cinye tiyar gero cikin kwana uku zuwa huɗu, kafin ruwa ya dawo ya lashe buhu guda yana zaune gindin bishiya. In ya tafi, buhun ya tsira, ga kuɗin taki ya zo da shi. Kakanku yakan ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

A zamaninmu ba a fita sai an gama sussuka, an ɗaure rumbu, an auna wa iyali abincinsu, an damƙa gida hannun wa ko ƙane. Mai zuwa Kurmi ya san inda zai sauka, Sabo a Ibadan, ko Shagamu wajen goro, ko Agege. Yana isa maigida zai karɓe shi, ya ba shi tabarma a zaure, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa in rigima ta taso. Hadari na fara haɗowa sai ka ga tasha ta cika da masu ƙunshi a ka, kowa na sauri kada ruwan shuka ya riga shi gona. Wanda ya makara sati biyu, geronsa ba ya kamo na maƙwabta.

Aiki ma tashi yake yi kamar mutum. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta jawo jama'a. Masaƙun Kakuri a Kaduna sun ɗebi dubban ma'aikata, da suka rufe kowa ya watse. Gwamnati ta koma Abuja a 1991, magina suka bi ta. Mutanen Kura kuwa ruwan Tiga ya zaunar da da yawansu gida suna noman rani.

Abin da ke damuna da ku, sai yaro ya jinginar da gona ya sayi babur, babu maigida, babu ranar dawowa. A 2022 Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, aka kama babura aka murƙushe. Kafin mu ci gaba da maganar, faɗa mini wajen wa za ka sauka, kuma wa zai kai taki gonar mahaifinka.