Tambaya da Amsa: Yadda Ɗan Riƙo Zai Samu Katin Shaida da Lasisin Tuƙi a Amurka

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a jihar Florida ta ƙasar Amurka, kuma shekara ɗaya da rabi ke nan da hukumar kula da yara ta ba ni riƙon wani yaro wanda yanzu yake da shekara 16 da wata 4. Gidana ne na huɗu da ya zauna tun da kotu ta raba shi da iyayensa. Ranar da aka kawo shi, duk abin da ya mallaka a jaka ɗaya yake, kuma babu wata takarda a ciki sai sakamakon jarrabawarsa na makaranta. Yanzu wani kanti ya yarda zai ɗauke shi aikin ƙarshen mako, yana kuma son ya koyi mota kamar sa'o'insa, amma ba shi da katin shaida, ba mu da takardar haihuwarsa ta ainihi domin a jihar Georgia aka haife shi, katinsa na Social Security, wato katin lambar da gwamnati ke ba mutum domin aiki da haraji, kuwa kwafinsa kawai na taɓa gani. Sau uku ana canza jami'ar da ke kula da lamarinsa, kowacce ta zo sai ta ce za ta duba. Maigidana kuma yana fargabar cewa idan muka sa hannu a takardar neman lasisi, duk ɓarnar da yaron ya yi da mota a wuyanmu za ta rataya. Ta ina zan fara, ko in haƙura har ya cika 18?

Wata mai karatu, Florida

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri, ke da maigidanki, bisa wannan amana da kuka ɗauka. Kada ki jira ya cika 18. Wata 20 ne suka rage masa, kuma a dokar jiharku dole ne yaron da bai kai 18 ba ya riƙe takardar izinin koyon tuƙi na tsawon wata 12 kafin a gwada shi a ba shi lasisi. Idan kika haɗa wannan da makonnin da neman takardu zai ci, za ki ga cewa lokacin da ke hannunki ya isa, amma babu rarar da za a yi wasa da ita.

Domin masu karatun da ba su san tsarin ba, riƙo a Amurka a hannun kotu yake. Mariƙiya tana ciyar da yaro, tana kai shi makaranta da asibiti, amma ikon da doka ta sani a kansa yana wurin hukuma, shi ya sa uwar riƙo ba ta iya zuwa ofis ta karɓo takardar haihuwarsa kamar yadda mahaifiya za ta yi. A nan ne yara da yawa suke maƙalewa, domin wanda yake da iko bai matsu ba, wanda ya matsu kuma ba shi da iko.

Sai dai doka tana bayanki. A watan Satumba na 2014 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan wata dokar tarayya wadda ta wajabta wa kowace jiha cewa matashin da zai fita daga riƙo saboda ya kai 18 ko fiye, in dai ya yi aƙalla wata 6 a cikin tsarin, kada a sallame shi sai an damƙa masa takardar haihuwarsa ta ainihi ko kwafin da hukuma ta tabbatar, da katin Social Security, da bayanan inshorar lafiyarsa, da bayanan asibiti, da lasisin tuƙi ko katin shaida na jiha. A 2018 aka ƙara da takardar da ke tabbatar da cewa ya taɓa zama ɗan riƙo, wadda da ita zai nemi tallafin karatu da kuma Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, da ke ci gaba har ya kai 26. Wannan doka ta 2014 ce kuma ta ba mariƙa damar yanke shawara a kan al'amuran yau da kullum kamar yadda iyaye masu hankali za su yi, ba sai sun nemi izini a kan kowane motsi ba. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, dokar ta faɗi ranar ƙarshe da za a miƙa takardun ne kawai, ba ta hana a miƙa su tun yanzu ba. A ganina, ba wa matashi ambulan ɗin takardu a ranar da yake barin gida cika umarni ne, amma an riga an tauye shi shekara biyu na aiki da koyon tuƙi.

Takardun suna da jeri, kuma wanda ya saɓa jerin zai yi ta zarya a banza. A fara da takardar haihuwa. Ofishin rajistar haihuwa na jihar da aka haifi mutum ne kaɗai ke bayar da ita, don haka ta yaronki daga Georgia za ta fito, kuma hukumar da ke da ikon riƙonsa ce za ta nema, tare da kwafin umarnin kotu. Kafin a kai ga haka, ki roƙi jami'ar ta buɗe fayil ɗinsa ta duba, domin sau da yawa takardar tana kwance a ciki tun ranar da aka fara shari'ar, babu wanda ya tambaya. Idan ta zo hannunki, ki zauna ki gwada sunan da ke jikinta da wanda ke takardun makaranta harafi da harafi, har da ranar haihuwa. Yaron da ya zaga gidaje huɗu, ba abin mamaki ba ne a tarar an rubuta sunan mahaifinsa iri biyu, kuma harafi ɗaya ya isa a dawo da ku daga ofishin lasisi.

Bayan ita sai katin Social Security. Sake shi kyauta ne, ana cike fom mai lamba SS-5, amma hukumar Social Security ba ta karɓar kwafin da aka buga a inji, sai takarda ta ainihi ko wadda ofishin da ya bayar da ita ya tabbatar. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne takardar haihuwa ba ta wadatar a matsayin shaidar cewa mutum shi ne shi, don haka ki tafi da katin makarantarsa ko bayanan asibiti masu hatimi. Sau 3 kawai ake sake katin a shekara, sau 10 a tsawon rayuwa, saboda haka idan ya fito a adana shi a gida, kada ya riƙa yawo da shi a aljihu. Tunda maganar wannan lamba ta taso, ki tambaya ko an duba rahoton bashin da ke kan sunansa, domin doka ta ce a duba wa kowane ɗan riƙo sau ɗaya a shekara daga shekara 14. Lambar yaron da ta bi ta hannaye da yawa takan faɗa hannun masu cin bashi da sunan wani.

Aikin kantin ba sai ya jira lasisi ba. Fom ɗin I-9 da kowane mai ɗaukar ma'aikaci yake cikewa yana karɓar katin makaranta mai hoto idan aka haɗa shi da katin Social Security ko takardar haihuwa, don haka da zarar ɗaya daga cikinsu ta samu zai iya fara aiki.

Da takardar haihuwa da katin Social Security, da shaidar adireshi guda biyu, sai ku nufi ofishin lasisi. Tunda babu takardar wuta ko ta ruwa da sunansa, ke za ki cike takardar shaidar cewa a gidanki yake zaune, ki haɗa da naki takardun. Idan ya shirya wa jarrabawa, ya nemi izinin koyon tuƙi kai tsaye, domin shi kansa kati ne mai hoto da ke zama shaida. Zai yi kwas ɗin da jiha ta tanada, a gwada idonsa da jinsa, sannan ya amsa tambayoyi 50, ana so ya ci 40. Idan bai shirya ba, a yi masa katin shaida na jiha tukuna. Ki tabbatar katin mai tauraro ne a samansa, domin tun daga 7 ga Mayu 2025 irinsa ake nema a filayen jirgin sama daga duk wanda ya kai 18, ko da tafiyar cikin gida ce.

Yanzu ga maganar maigidanki, kuma tsoronsa yana da tushe, domin a jihohi da dama, har da Florida, babban da ya sa hannu a takardar yaro yana ɗaukar alhakin ɓarnar da yaron ya yi da mota. Amma dokar Florida ta keɓe mariƙa: sa hannun mariƙi ko jami'in hukuma a takardar ɗan riƙo ba ya jawo masa wannan alhaki. Haka kuma kamfanin inshora ba shi da damar ƙara muku kuɗi saboda ɗan riƙo muddin izinin koyo ne a hannunsa. Duk da haka, alhakin mai mota wani abu ne daban da alhakin mai sa hannu, don haka kafin yaron ya taɓa sitiyari ku kira kamfanin inshorarku ku sanar da su, ku kuma nemi su ba ku amsa a rubuce. Kuɗin inshora yana tashi ne sosai ranar da ya samu cikakken lasisi, kuma saboda wannan ne jihar ta kafa shirin Keys to Independence a 2014, ta mayar da shi na dindindin a 2017. Shirin yana taimakawa da kuɗin makarantar tuƙi, da kuɗin lasisi, da na inshora ga 'yan riƙo tun daga shekara 15. Ki sa a yi masa rajista a wannan makon, tun kafin takardun su iso.

Wurin da nake so ki fi ba ƙarfi shi ne awannin koyo. Ana bukatar awa 50 na tuƙi tare da mai lasisi wanda ya kai shekara 21 yana zaune a kujerar gaba, 10 daga ciki da dare. A wata 3 na farko da rana kawai zai tuƙa, bayan haka har zuwa ƙarfe 10 na dare. Yaron da ke gaban iyayensa yana tara waɗannan awanni ba tare da ya sani ba, a hanyar makaranta da ta kasuwa, amma ɗan riƙo yakan rasa wanda zai zauna kusa da shi, ko kuma a ɗauke shi zuwa wani gida bayan ya yi awa 30, lissafin ya bi ruwa. Ki sayi ƙaramin littafi ki ajiye a cikin mota, duk fitar da kuka yi a rubuta rana da tsawon lokaci, wanda ya zauna da shi ya sa hannu, shi kuma ya ɗauki hoton kowane shafi a wayarsa. Ko da ƙaddara ta raba ku, awanninsa suna tare da shi. Ki kuma gaya masa tun yanzu cewa a Florida yawan fashin makaranta yana sa a dakatar da lasisin wanda bai kai 18 ba.

Game da jami'ar da ke cewa za ta duba, ki daina roƙo da baki. Ki rubuta mata saƙon imel, ki lissafa takardun da kike nema, ki sa rana, ki tura kwafi ga shugabanta da kuma wakilin da kotu ta naɗa domin kare muradin yaron. Yawancin waɗannan jami'ai aiki ne ya yi musu yawa, kuma abin da aka rubuta shi ne ke tsira idan an canza ma'aikaci. Ana sake duba shari'ar kowane ɗan riƙo aƙalla duk wata 6, kuma mariƙa suna da haƙƙin a sanar da su ranar zaman a kuma saurare su. Ki je da yaron, ya faɗa wa alƙali da bakinsa cewa ya samu aiki kuma yana son lasisi, ki roƙi a sa maganar takardun cikin umarnin kotu tare da wa'adi.

TAMBAYA

Malam, ni a birnin New York nake, ina riƙon wata yarinya 'yar shekara 17 wadda aka haifa a wajen Amurka, kuma ba ta da takardar zama. Ita ma za ta iya samun shaida da lasisi?

Wani mai karatu, New York

AMSA

Za ta iya, Malam. Birnin New York yana bayar da katin shaidarsa mai suna IDNYC kyauta tun 2015, kuma a yanzu mazaunansa daga shekara 10 suna iya samun sa, ba tare da tambayar matsayin zama ba, kuma tun Disamba 2019 jihar tana bayar da lasisin tuƙi na gama-gari ga wanda ya kai 16 ko da ba shi da takardar zama, sai dai wannan lasisi ba ya shigar da mutum jirgi. Za a nemi shaidar ƙasarta ta asali, kamar fasfo, don haka a fara neman sa tun yanzu.

Amma akwai abin da ya fi lasisi gaggawa a lamarinta. Tun 1990 dokar shige da fice ta Amurka ta tanadi wani matsayi na musamman ga yaran da kotun jiha ta tabbatar cewa ba za a iya mayar da su ga ɗaya ko duka iyayensu ba saboda cin zarafi, ko sakaci, ko watsarwa, kuma komawa ƙasarsu ba alheri ba ne a gare su. Ana nema da fom I-360, dole ne a shigar kafin ta cika 21 kuma ba ta yi aure ba, sannan sai da umarnin alƙalin kotun iyali a hannu. Wannan hanya ce ke kaiwa ga takardar zama ta dindindin, ko da yake jiran yakan ɗauki shekaru. Ka tambayi lauyan da kotu ta ba yarinyar ko an fara wannan nema, idan ba a fara ba ka roƙi a haɗa ta da lauyan shige da fice kafin zaman kotu na gaba, kuma kada ta cike wani fom na gwamnati da ke tambayar ko ita 'yar ƙasa ce sai lauyan ya gani.