Idan na mayar da gidan bulona da sunan matata, zan iya karɓar kwangilar ƙaramar hukumarmu?

Tambaya: Barista, ni ma'aikaci ne a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma a nan ƙasar Zazzau, ina zaune a Tudun Wada. Ina da gidan bulo mai rajista tun kafin na kama aiki. Yanzu za a ba da gyaran azuzuwan firamare, abokan aiki suka ce in mayar da kamfanin da sunan maiɗakina in nema, wai kowa haka yake yi. Hankalina bai kwanta ba, saura shekara shida in yi ritaya, ina tsoron abin da zai taɓa min fansho.

Amsa: Malam, tsoron nan naka yana kan hanya, kada ka bari a cire maka shi. Kada ka nemi wannan kwangila, ko da sunanka ko da sunan wani.

Jadawali na Biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa waɗanda dokar ɗa'ar ma'aikata ta hau kansu, kuma a ciki akwai ciyaman, kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma, ba a ware ƙaramin mataki ba. Sakin layi na 1 ya hana ka sa kanka inda amfanin aljihunka zai yi karo da aikin ofishinka. Na 2 ya hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, noma kaɗai aka yarje masa. Wato tun kafin a zo maganar kwangila, zamanka manajan gidan bulon nan ma yana buƙatar gyara.

Sai maganar sunan mata, wadda kullum sai an kawo min ita, har ta ishe ni. Ban san wane lauyan teburin mai shayi ne ya fara yaɗa ta ba, amma ta jefa bayin Allah da yawa cikin rami. Waɗanda suka rubuta dokar sun san wannan dabara sarai. Sakin layi na 13 ya ce duk ma'aikacin da ya aikata abin da aka hana ta hannun wakili ko wanda ya saka a gaba, to shi ne ya aikata. Sashe na 12 na dokar ICPC (hukumar yaƙi da cin hanci) ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara 7 ga ma'aikacin da, yana sane, yake da rabo a kwangilar da ta fito daga ofishinsa, kai-tsaye ko ta bayan fage. Sashe na 19 kuma ya sa shekara 5, babu zaɓin tara, ga wanda ya yi amfani da kujerarsa ya fifita kansa ko ɗan'uwansa ko abokin hulɗarsa. To ina mafakar take? Matarka ai tana cikin danginka na farko.

Kuma ka duba yadda ake gano abin. Mai bincike ba ya tsayawa kan sunan da ke allon ƙofar kamfani. Zai nemi fayil a hukumar rajistar kamfanoni, ya ga an canza darakta sati uku kafin a buɗe neman kwangila. Zai je banki ya ga lambar BVN ɗin wa ke kan asusun, wayar wa alat ke shiga. Zai ga an biya kuɗi ranar Talata, ranar Laraba an tura su asusunka na albashi ko an saya maka fili. Sannan ya ɗauko bauca, ya tarar kai ka yi ƙiyasin bulo nawa aikin zai ci, kai kuma ka sa hannu cewa an kammala. Daga nan sai a kira Hajiya, a tambaye ta buhun siminti ɗaya bulo nawa yake fitarwa a gidan bulonta, wa ke kawo mata yashi, nawa ake biyan masu bugu. Baiwar Allah da ba ta taɓa taka wurin ba, ka ja mata zaman tuhuma a gaban baƙin maza saboda sa hannun da ta yi don ta yarda da mijinta. Wannan shi ya fi ci min rai a cikin lamarin.

Su kuma masu cewa kowa na yi, ranar da takarda ta iso ba za ka ga ko ɗaya ba. Kotun ɗa'ar ma'aikata tana iya raba ka da aiki, ta hana ka riƙe muƙamin gwamnati har shekara 10, ta ƙwace abin da ka samu ta wannan hanya. Afuwar gwamna ko ta shugaban ƙasa ba ta shafe hukuncinta, kuma ba ya hana a sake gurfanar da kai kan laifin a wata kotu.

Abin yi shi ne ka sauka daga darakta, a shigar da canjin a rajista, ka cire hannunka daga asusun banki, ka damƙa harkar ga manaja na gaske. Hannun jarinka kana iya riƙewa, amma ka rubuta shi a fom ɗin bayyana kadarori, wanda ake sabuntawa duk shekara 4, kuma akwai gurbin dukiyar iyali a ciki. Gidan bulon ya ci gaba da sayar wa masu gini a gari, ya nisanci duk aikin da kuɗinsa zai fito daga ƙaramar hukumarku, har da sayar wa ɗan kwangilar da kai za ka duba aikinsa.

Idan kuwa wani ɗan'uwanka mai kamfaninsa na kansa ya nemi aikin, rubuta wa shugaban sashenka takarda ka faɗi dangantakarku, a buga maka hatimin karɓa a kwafi, ka adana a gida. Kada ka taɓa ƙiyasin, kada ka zauna a kwamitin tantancewa, kada ka je duba aikin, kuma ka tabbatar an rubuta janyewarka a bayanin zaman.