Me ya kashe Daewoo, kuma Racer ɗin Baba ta cancanci gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata Daewoo Racer, yanzu shekara shida kenan tana ajiye a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya ba a taɓa ta ba. Yayyena sun ce a kira 'yan gwangwan su auna ta kawai tunda kamfanin ma ya mutu kuma ba a samun kayanta, ni kuma raina bai so ba don a cikinta ya riƙa kai mu makaranta. Don Allah me ya kashe kamfanin nan, rashin ingancin motocin ne? Kuma in na ce zan tayar da ita zan samu kaya ko asarar kuɗi zan yi? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kafin komai dai kar a kira 'yan gwangwan tukuna, a ɗan dakata har ka gama karanta wannan. Yayyenka suna da gaskiya a gefe ɗaya, sunan Daewoo ya ɓace daga kan ƙananan motoci, amma maganar wai rashin inganci ne ya kashe shi ba haka ba ne, bashi ne ya kashe shi. Maganar ba a samun kaya kuma rabin gaskiya ce.

Wanda ya kafa Daewoo wani ɗan Koriya ta Kudu ne, Kim Woo-choong, a 1967, yana ɗan shekara 30, kuma ba da mota ya fara ba, yadi da tufafi yake fitarwa waje. Daga nan ya riƙa karɓar kamfanonin da suka durƙushe yana tayar da su har ya shiga ƙera jiragen ruwa, gine-gine, talabijin, firji, komai da komai. Harkar mota ma haka ya same ta, akwai wani kamfani mai suna Saehan da ke haɗin gwiwa da General Motors ta Amurka, Daewoo ya sayi kaso a ciki a 1978, sai a 1983 aka mayar da sunan Daewoo Motor.

To nan ne asalin motar Baba yake, kuma ka riƙe wannan da kyau domin shi ne zai cece ka a kasuwa. Lokacin General Motors ce ke da Opel ta Jamus, sai aka ɗauko Opel Kadett samfurin E aka fara ƙera ta a Koriya a 1986 da sunan LeMans. A Amurka an sayar da ita a matsayin Pontiac LeMans, mu kuma nan da wasu ƙasashe da yawa ta zo mana da sunan Racer. Cielo da ta fito a 1994, wadda Turawa ke kira Nexia, ita ma Racer ɗin ce aka gyara mata fuska da baya. Wato motar da ke ƙarƙashin dalbejiyar nan taku Bajamushiya ce a ƙashi, tambarin kawai na Koriya. Daewoo Espero ma ƙasanta na Opel ne duk da cewa kamfanin Bertone na Italiya ne ya zana jikinta, Daewoo Tico kuma Suzuki Alto ce.

A 1992 Kim ya raba gari da General Motors domin shi yana son faɗaɗawa da shiga kasuwannin da su ba sa so ya shiga. Daga nan fa aka fara gudu ba birki. Ya sayi masana'anta a Craiova ta Romaniya a 1994, ya sayi masana'antar motoci ta FSO a Folan a 1995 inda ya kayar da General Motors ɗin da kanta a ciniki saboda ya yarda zai riƙe ma'aikatan gaba ɗaya na wasu shekaru, ya buɗe wata a Asaka ta Uzbekistan a 1996, ga Indiya, ga Biyetnam, ga Yukiren. A Ingila da suka shiga a 1995 ba su bi ta hannun dillalai ba, su da kansu suke sayarwa a kan farashi ɗaya ba ciniki, da garanti na shekara uku da sabis kyauta, abin da ya ja musu masu saye sosai. Sannan cikin ɗan lokaci suka fitar da motocin da suke nasu na kansu ba aro ba, Lanos, Nubira, Leganza, sai Matiz a 1998, 'yar ƙaramar nan mai fulogi uku da ta yi kasuwa a Turai da Indiya ba kaɗan ba.

Duk wannan da kuɗin banki aka yi shi. Ana cin bashi a gina masana'anta, kafin ta fara kawo riba an ci wani an sayi wata. Muddin bankuna na bayarwa abin yana tafiya, sai ga rikicin kuɗi na Asiya a ƙarshen 1997, kuɗin Koriya ya faɗi kusan rabi a kan dala, ƙasar ta je wajen IMF, asusun ba da lamuni na duniya, neman ceto, kuɗin ruwa ya tashi. Sauran manyan kamfanoni suka fara sayar da kadarori suna rage nauyi, shi kuwa Kim a 1998 sai ya ƙara da sayen kamfanin SsangYong, masu ƙera motar Musso, wanda shi ma bashi ya yi masa katutu. Ni a ganina nan ne aka yi kuskuren da ba ya gyaruwa, mutum ruwa na cinsa ya ƙara ɗaukar kaya a ka. A 1999 rukunin Daewoo gaba ɗaya ya rushe, alhali shi ne na biyu a girma a Koriya bayan Hyundai, da bashin da aka ƙiyasta kusan dala biliyan 80, daga baya kuma aka gano an daɗe ana kumbura lissafi don ɓoye ramin. Kim ya bar ƙasar, bai dawo ba sai 2005, kotu ta yanke masa shekara 10 a 2006, aka yi masa afuwa a ƙarshen 2007, ya rasu a Disambar 2019.

Ɓangaren mota kuwa, Ford ta fito za ta saya a 2000 sai ta janye bayan ta duba littattafan, a Nuwamban shekarar aka ayyana kamfanin ya karye, a farkon 2001 aka sallami ma'aikata kusan 1,750 a masana'antar Bupyeong har aka yi arangama da 'yan sanda. Waɗannan mutanen su nake tunawa in ana maganar nan, don su ba su ci bashin ba. A 2002 General Motors ɗin da aka rabu da ita ta dawo ta tsinci abin da take so a kan kuɗi kaɗan, ta bar sauran. Masu motocin Daewoo a Amurka sun ji jiki a lokacin domin ba a haɗa da reshen da ke sayar musu ba, ya karye, mutum na da sabuwar Leganza amma dillalinsa ya rufe, kaya sai an yi ta jira, in ya ce zai sayar kuma farashi ya zube ƙasa.

Motocin dai ba su mutu ba, riga aka canza musu. Daga 2005 a Turai aka cire tambarin Daewoo aka sa na Chevrolet, sannu a hankali Matiz ta zama Spark, Kalos ta zama Aveo, Lacetti ita ce Optra da ka sani. A 2011 aka cire sunan har a Koriya kamfanin ya koma GM Korea. Uzbekistan ce ta riƙe shi mafi daɗewa, kuma sun ci gaba da ƙera Nexia har 2016, ka ga kenan dangin motar Baba sun kai shekara 30 ana ƙera su a duniya. Manyan motocin dakon kaya kuma Tata ta Indiya ta saya a 2004.

Yanzu mu dawo Zariya. Abin da na gani da idona a gareji tsawon shekaru shi ne masu Racer kashi biyu ne. Akwai wanda ya saye ta saboda ta fi Fijo 504 araha da shan mai, ya riƙa juye baƙin mai a kan lokaci, bai yarda kowane yaro ya taɓa masa waya ba, irin waɗannan har yau in ka zauna da su yabon ta suke, ba ta da girman kai, inji mai sauƙi, duk bakaniken da ya iya Opel ya iya ta. Akwai kuma wanda ya sa ta tasi ko kabu-kabu, lodi ya wuce ƙima, a zuba mata ruwan rijiya a lagireto, a cire tamostat a yar wai don kar ta yi zafi, to wannan shi ne zai ce maka Daewoo ba mota ba ce. Amma ba zan ɓoye maka aibinta ba, bodinta bai kai na Fijo ko Toyota ƙwari ba, ƙarfen siriri ne, tsatsa na cin ƙasan ƙofofi da wajen tayoyin baya da cikin but, robobin ciki da hannun ƙofa suna karyewa in rana ta gasa su, kuma wayoyinta na son riwaya mai haƙuri. Akwai wani dattijo malamin makaranta da ya riƙa kawo min tasa shekara da shekaru, injin bai taɓa ba shi kunya ba, abin da ya raba su a ƙarshe ƙasan motar ne ya rube har kana hango titi ta wajen ƙafar direba.

Shi ya sa abu na farko da za ka yi ba tayar da inji ba ne. Ka samo fanal bita mai amana ya ɗaga kafet, ya shiga ƙarƙashi, ya duba inda shokazoba ke zama da inda ƙafafun gaba suka kama jiki. Mota ta shekara shida ƙarƙashin bishiya, ganye ya toshe hanyoyin ruwa, damina shida ta wuce a kanta, ga ɓeraye da ke cin waya. In waɗannan wuraren sun rube to gaskiya ka haƙura, walda ba za ta mayar da ita amintacciya ba, kuma ba zan so ka ɗauki iyali a ciki ba. In kuwa tsatsar ta sama ce kawai, motar tana da sauran rai.

Sannan don Allah kar wani ya kawo batir ya ce bari mu gwada mu ji ko za ta tashi. A fara cire fulogi a ɗiga ɗan mai a ciki a bar shi ya kwana, a juya injin da hannu a ji ko yana juyawa, a zubar da tsohon fetur a wanke tanki, a canza baƙin mai da filta, a canza taimin bel ko da ya yi kama da sabo domin roba tana mutuwa a zaune. Wannan bel ɗin a motocin Daewoo masu bawul 16 da kuma Matiz in ya tsinke yana lanƙwasa bawul, aiki ya zama babba. Birki gaba ɗaya a sake shi, da man birkin da robobinsa, tayoyi kuma huɗun nan sun gama aiki ko da zanensu bai cinye ba.

Batun kaya, in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna kana cewa kayan Daewoo kake nema, da yawa za su ce babu tun kafin ka rufe baki. Ka ce Opel Kadett, kuma ka tafi da tsohon a hannunka a gwada. Kayan ƙafa, birki, kuloci, bushin da su shokazoba yawanci suna hawa, na Cielo ma haka. Inda za ka yi hattara cikin inji ne, domin na Racer 1.5 ne, Kadett kuwa akasari 1.3 ko 1.4 ko 1.6 ne, fistin da ringi ba lallai su zo ɗaya ba. In injin ya riga ya kama ko ya yi nokin, sau da yawa ya fi sauƙi a ɗora mata injin Opel 1.6 na Beljiyam gaba ɗaya, na sha yin haka kuma yana zama lafiya. Abin da zai wahalar da kai da gaske su ne fitilu, gilas, bamba da robobin ciki, waɗannan sai dai a jikin wata da aka yanka, don haka in ka ji labarin wata Racer da ta mutu a unguwa ka je ka yi ciniki tun kafin a auna ta.

Ta fuskar kuɗi kuma ba zan yaudare ka ba, abin da za ka kashe zai iya fin abin da za a taya motar bayan an gama, domin sunan da ya ɓace ba ya daraja a kasuwa. In niyyarka ka gyara ka sayar ka ci riba, kar ka fara. In kuma so kake ka riƙa shiga motar Baba kana zagawa cikin gari, ka kai yara makaranta kamar yadda ya kai ku, kuma bodin ya ci jarrabawa, to ni ina goyon bayanka. Sai dai tunda kayan gado ce, ka zauna da yayyenka da sauran magada a yi mata kuɗi, ko da kuɗin da 'yan gwangwan za su bayar ne a ɗan ƙara, ka biya kowa rabonsa ta zama taka kafin ka sa mata ko kwabo. In fanal bitan ya duba ka turo min hotunan ƙarƙashinta da lambar da ke jikin injin, zan gaya maka wanne za ka nema.