Kuɗin tsutsar dajin Kanada: amsa ga ƙanena mai son zuwa karatu

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso tun makon jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka gama digiri a fannin gandun daji, ka kammala bautar ƙasa, sai ka ji gwamnatin Kanada ta zuba miliyoyin daloli a kan wata tsutsa da ke cinye musu itatuwa. Kana tambaya ko ɗalibi daga Najeriya yana da rabo a ciki, kuma ina ake cike fom.

Babu fom. Kuɗin gaskiya ne, amma ba na tallafin karatu ba ne, kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya sama maka gurbi a ciki, aljihunka yake so.

Bari ka san tsutsar tukuna, don ita ce mai kuɗin. Turawa na kiranta spruce budworm, wato tsutsar tohon itace. Ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce a dazuzzukan gabashin Kanada, kuma ta fi son itacen balsam da sufurus, waɗanda su ne abincin masana'antun katako da takarda. Uwar, wani ɗan malam-buɗe-littafi mai ruwan toka, tana zuba ƙwai a watan Yuli zuwa Agusta. 'Ya'yan na ƙyanƙyashewa sai su saƙa wa kansu ɗan gida a jikin reshe, su kwana a ciki duk tsawon sanyin ƙanƙara. Gari na fara ɗumi su fito su afka wa sabon toho. Itacen balsam da aka yi wa haka shekara huɗu ko biyar a jere, mutuwa yake yi a tsaye. Annobar tana dawowa ne duk bayan shekara 30 zuwa 40. Ta shekarun 1970 ta ci sama da hekta miliyan 50, ta yanzu kuwa ta faro a lardin Kebek wajen 2006.

Nan lardin Niyu Buranzwik inda nake zaune, sun ce ba za su jira wuta ta kama ɗaki ba. Tun 2014 suke gwada kashe ta tun tana ƙarama: a gano wuraren da tsutsar ta fara yawa, a yi musu feshi kafin ta bazu. Gwamnatin tarayya ta ba da dala miliyan 18 a kasafin 2014, ta ƙara kusan miliyan 75 a na 2018, sannan kusan miliyan 61 a 2022, larduna da kamfanonin katako su ma suna sa nasu. Kaso mai tsoka yana tafiya ne a jiragen feshi, da magani, da sa ido a daji. Maganin da aka fi amfani da shi, Btk, wata ƙwayar bakteriya ce da sai tsutsa ta ci ganyen take kashe ta. Sun koyi hankali ne da wuya: a shekarun 1950 maganin ƙwari na DDT suka riƙa fesawa, har ƙananan kifayen kogin Miramishi suka yi ta mutuwa.

To ina ɗalibi yake shiga? Ta hannun malami. Wani ɓangare na kuɗin binciken yana isa ga malaman jami'o'i kamar Jami'ar Niyu Buranzwik da ke Firedirikton da Jami'ar Laval a Kebek, da masanan cibiyar binciken daji ta tarayya da ke nan Firedirikton. Malamin ne ke ɗaukar ɗalibin digiri na biyu ko na uku ya riƙa biyansa ɗan alawus. Saboda haka malami za ka nema, ba ma'aikata ba. Laval kuma da Faransanci ake karatu, ka sani.

Aikin ma ba irin wanda kake hange ba ne. Ni na yi shi lokacin karatuna. A ƙarshen shekara ake yanko rassa daga ɗaruruwan wurare, a jiƙa su a ruwan soda mai ƙarfi don gidan tsutsar ya narke, a tace, ka zauna gaban madubin likita kana ƙirga abin da bai kai ƙwayar gero ba. In an samu bakwai ko fiye a reshe ɗaya, wurin ya shiga jerin feshi. Na yi kwanaki ina rufe ido ina ganin tsutsa. Lokacin zafi kuma ƙananan baƙaƙen ƙudajen dajin nan, wallahi sauron Kano wasa ne.

Abin da zai sa malami ya amsa maka shi ne lissafin ƙididdiga, da manhajar R, da zanen taswira na GIS. Ka ce ka taɓa bin gonaki kana duba tsutsar nan da ta afka wa masararmu tun 2016. Kada ka raina wannan, shi za ka sa a gaba a wasiƙarka: gona nawa, yadda ka ɗauki samfur, abin da ka gano. Ka karanta takardun malamin biyu ko uku kafin ka rubuta masa, don wasiƙar da aka tura wa mutum hamsin iri ɗaya daga layin farko ake gane ta.

Sai maganar aljihu. A 2024, kafin a ba ɗalibi bizar karatu sai ya nuna dala 20,635 ta Kanada na ci da sha, ban da kuɗin makaranta, kuma adadin hawa yake yi. Baƙo ya fi ɗan ƙasa biyan kuɗin makaranta, alawus ɗin kuwa da ƙyar yake rufe haya da abinci. Aikin gwamnatin tarayya bayan karatu, 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin ake fara dubawa. Kada Baba ya sayar da gona a kan wannan sai takardar malami ta zo da adadin alawus a rubuce.

Turo min sakamakonka da ɗan bayanin aikin masarar, shafi ɗaya ya isa, in duba kafin ka aika wa kowa. Ka gaishe min da su Inna.