Ko Mai Ɗaukar Fim Zai Iya Rura Wutar Rikici?

Ka tambaya ko fim ɗin dokumentari ko rahoton ɗan jarida zai iya ƙara rura rikici alhali gaskiya ya nuna. Ƙwarai kuwa zai iya, domin abin da aka zaɓa aka nuna da abin da aka yanke duk suna da tasiri.

A Ruwanda a 1994, lokacin kisan kiyashin da aka yi wa ƙabilar Tutsi, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai yana ambaton sunayen mutanen da za a kashe, har kotun duniya da ke Arusha a Tanzaniya ta hukunta wasu jagororinsa a 2003. Ni kaina na taɓa cire hoton wata uwa tana kuka lokacin tace fim, saboda ta ambaci ƙabilar waɗanda suka kashe ɗanta, kuma na ji tsoron ramuwar gayya.