Girgizar ƙasa na sa guba a rijiya?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa bayan girgizar ƙasa ruwan rijiya da na kogi kan ɗauki gubar arsenik, wani sinadari da ake samu a cikin ƙasa. Gaskiya ne? In an tafasa fa?

Amsa: Malama, yakan faru, amma sai inda arsenik ɗin ke kwance a cikin dutse ko laka tun asali. Girgizar hanya kawai take buɗe masa: dutse ya tsage, ruwan can ƙasa ya haɗu da na sama, ko bututun burtsatse ya fashe gurɓataccen ruwa ya sulalo ciki. Mafi muni shi ne tarin lakar ma'adinai. A girgizar Japan ta 2011, lakar tsohuwar mahaƙar zinariya ta Oya da ke Kesennuma ta kwance kamar kunu, ta malala kogi da arsenik ɗinta.

Tafasawa kuwa, a kul! Ruwan ne ke tafiya a tururi, gubar ta zauna a tukunya ta ƙara ƙarfi. Kulorin, maganin da ake zuba wa ruwa, ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire ta. Gubar ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano, don haka ruwa garau ba shaida ba ne. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikirogiram 10 a lita ɗaya (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma gwaji kaɗai ke nunawa. Akwai 'yar takardar gwaji mai rikiɗa daga fari zuwa rawaya, ta koma launin ruwan ƙasa in gubar ta yi yawa. A sake gwadawa bayan damina, don awo ɗaya bai isa ba.

In awon ya haura wannan iyaka, a nemi wani ruwan sha da girki, musamman na shinkafa, don tana tsotse gubar. Wanka da wanki ba laifi. A Nepal ana amfani da matatar Kanchan: kilo 5 na ƙusoshin ƙarfe a sama, yashi da tsakuwa a ƙasa. Tsatsar ƙusar ce ke kama arsenik, yashi ya tare tsatsar. Ƙusa mai rufin zinki ba ta tsatsa, saboda haka ba ta da amfani a nan. Ruwa mai yawan fosfet, sinadarin da ake samu a takin zamani, ma yana rage aikin matatar.

Alamar jiki ba ta bayyana da wuri, takan kai shekara 5: ɗigo-ɗigon baƙi a fata, kanta a tafin hannu da na ƙafa. Wanda ya ga haka ya je asibiti, ya tafi da kwalbar ruwan gidansu.